Mutumin Sakajiki da Kalmar Kanti

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Ban taɓa jin mahaifina ya kama sunana ba. Ba faɗa muka yi ba, ban kuma yi masa wani laifi ba. Kunya ce irin ta mutanen da, wadda ake yi wa ɗan fari: ba a faɗin sunansa, ba a wasa da shi, ba a zaman hira da shi. In Baba yana son a kira ni sai ya ce da wani, "Kira man wancan." Da na fara koyarwa a firamaren Sakajiki sai na samu ƙarin girma, na tashi daga wancan na koma mutumin Sakajiki. Da wannan sunan ya yi ta ambatona har ya bar duniya.

Da aka yaye ni sai aka kai ni Zurmi wurin kakata, aka bar ni can. Ba a daɗe ba gwaggona, ƙanwar Baba, ta ba shi riƙon ɗanta wanda na girma da 'yan watanni. Wato an fitar da ni daga gidanmu na Kaura an shigo da shi. Shi ne taubashina, kuma duk duniya ba wanda na yi kishi kamarsa. Na daɗe ina ba abin wasu sunaye. Wani lokaci in ce ba shi da natsuwa, wani lokaci in ce surutunsa ne ba na so. Yanzu da furfura ta fito ban ga wanda zan yi wa ƙarya ba. Kishi ne kawai.

In an yi hutun makaranta kakata takan haɗa ni da direba zuwa Kaura, kuma abin da nake tararwa kullum ɗaya ne. Baba na zaune a zaure bisa buzunsa, taubashina a gefensa, kwano ɗaya suke cin tuwo, Baba na tura masa tsokar nama da ɗan yatsa. In na durƙusa na gaishe shi sai ya kau da kai ya amsa wa bango, "Lahiya lau, an iso lahiya," shi ke nan an gama da ni. Nawa tuwon a cikin gida ake zuba mini, a kwano mai murfi kamar na baƙo. Ina ci ina jin dariyarsu tana ƙetaro katanga. Baba yana da wata dariya mai kama da tari, wadda in ta kama shi takan daɗe ba ta sake shi ba. Na san ta sarai, amma daga bayan bango na san ta.

Yawancin hirarsu ta kanti ce. A zamanin gyaɗa, lokacin da jirgin ƙasa ke zuwa Kaura ya juya don nan ne ƙarshen layin dogo, Baba ya yi aiki a kantin wani kamfani kusa da tashar jirgi. Shi ke tsaye a bakin sikeli, manoma su kawo gyaɗa da auduga a bayan jakuna ya auna. Da wannan aikin ya yi aure, ya gina gidan da muke ciki, ya sayi gonarsa ta ƙauyen Banga, daga baya har ya je Makka. Ba abin da yake alfahari da shi kamar a ce bai taɓa danne wa manomi sikeli ba. A cikin labaran nan da nake tsinta ta bayan bango na ji yana yabon wani akawu, yana cewa mutum ne da kan tsaya gaban Bature ido da ido ya mayar masa da Turancinsa. Tun ranar na ƙudura a raina cewa sai na iya Turanci. Ban gaya wa kowa dalili ba, amma so nake wata rana tsohon nan ya juyo ya dube ni.

Na yi karatun kuwa, na zama malamin Turanci. Taubashina bai gama sakandare ba ya bi mota, ya zama direba, yana jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, wani lokaci ya leƙa Zurmi. A lissafina na ci gasa. Amma duk Asabar da na je gaisuwa, har yanzu bango ake amsa wa, shi kuwa direba ko da baƙin mai a hannunsa ya shigo sai a matsa masa a kan buzu.

Bayan idon Baba ya yi rauni ya daina zuwa gona, sai taubashina ya tsiro da wani sabon hali. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya tare ni.

"Malam, tsaya mana. Bokiti, Hausa ta ko Turanci?"

Na ɗauka tsokana ce. Tsakanin taubasai ba a fushi, duk abin da ya gaya maka dole ka haɗiye ko ka rama da wasa, in ka haɗe rai kai za a yi wa dariya. Ni kuwa Allah bai ba ni bakin wasa ba. Sai na ce masa Turanci ce, na faɗa masa yadda Turawa ke furta ta, na wuce. Juma'a mai zuwa ya zo da lebura. Ta gaba ya zo da sikeli. Tun ina amsa masa a tsaye da kalma biyu, har na fara zuwa da shirina, don in nuna masa bambancin wanda ya zauna a aji da wanda ya gudu. Nakan duba babban ƙamus ɗina tun daren Alhamis ko da zai tambayi abin da ban sani ba. In ina bayani yakan karkata kai yana motsa leɓe kamar mai hadda, ya ce in sake faɗa. Ni kuma in ƙara tsawaitawa, ina jin daɗin ganin direba yana wahala.

Wata Asabar da hantsi na zo gaisuwa, na kashe babur nesa kaɗan da ƙofa don kada ƙara ta dami Baba. Riƙe nake da zabi biyu da na sayo masa a Sakajiki. Kafin in yi sallama na ji muryar taubashina a zaure, da muryoyin tsofaffi biyu abokan Baba. Bayanin tasha yake yi musu. Yana cewa asalin kalmar a wurin Turawa tsayuwa take nufi, wurin da abu ke tsayawa, shi ya sa ta jirgi tasha ce, ta mota ma tasha ce. Maganata ce tsaf, har misalin da na ba shi jiya a ƙofar masallaci bai canza ba. Sai na ji Baba ya ce, "Ashe. To mu da munka yi shekaru muna tsaye nan ba mu san sunan aikinmu na ba," dariyar nan ta kama shi.

Na tsaya a bakin ƙofa, zabi na ta fuffuka a hannuna. Gidan ubana ya zauna, kwanon ubana ya ci, yanzu kuma karatuna da na sha wuya a kansa ya ɗauka yana sayen dariyar ubana da shi, ko ambatona bai yi ba. Na yi sallama, na gaisa da bango, na miƙa zabi cikin gida na fito. Ranar ko ruwa ban sha ba.

Juma'ar da ta biyo baya ya zo da kanti.

Na ce masa ya bari sai na duba. Gaskiya ban taɓa tunanin kalmar ba, don ta zauna a bakinmu har ta haifi 'ya'ya. Muna cewa mai kanti, muna cewa kayan kanti, rigar da ba tela ya auna ka ya ɗinka ba mu ce 'yar kanti ce. Da na buɗe ƙamus sai na ga tafiyar da ta yi kafin ta iso mu. Turawan Ingila suna da ita, suna jan ƙarshenta su ce kantiin, amma ba su ne suka haife ta ba. Daga Faransawa suka aro, su kuma daga mutanen Italiya, inda take nufin ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi da ake ajiye giya. Wasu masana ma na ganin tun farko daga kalmar lungu ko kusurwa ta fito. A hannun soja ta zama shagon bariki inda suke sayen abinci da 'yan kayan buƙata. Ta zama gorar ruwan da soja ke rataye wa a ƙugu in zai yi tafiya. Ta zama ɗakin cin abinci na ma'aikata da 'yan makaranta. Har akwatin da ake jera cokula da wuƙaƙe a gidajensu ana kiransa da ita. Da 'yan kasuwarsu suka zo ƙasarmu suka buɗe shaguna, sai sunan ya biyo su, muka karɓa muka gyara shi daidai bakinmu.

Kalma ce mai daɗin bayani, da na so da na yi hira mai kyau da ita. Amma idona ya maƙale a kan giyar nan. Na san yadda Baba yake da kantinsa. Na ce a raina, bari wannan mai ɗaukar karatun mutane ya kai wannan, mu ga ko za a yi dariya. Abin da na hango shi ne Baba ya daka masa tsawa, ya ce kada ya sake kawo masa maganar banza, a rufe wannan makaranta ta zaure kowa ya huta. Ban hango komai bayan wannan ba.

Na same shi a tasha yana jiran motarsa ta cika. Na ce, "Kalmar nan taka na duba. Asalinta ɗakin ajiye giya ne."

Ya daina murmushi. "Giya?"

"Giya. Barasa. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, a jera tuluna."

"Malam, ba ta da wata ma'ana? Duba dai da kyau."

"Ni da kai wa ya san ƙamus? Ita ke nan."

Ya dube ni ya daɗe, sannan wani fasinja ya kira shi ya tafi.

Abin da ya biyo baya ba tsawa ba ce, shiru ne. Asabar ta farko da ta biyu ban ga canji ba. Daga ta uku na tarar da zaure ba hira. Baba na zaune da carbi, rediyonsa a kashe, tsofaffin nan biyu suna gyangyaɗi. Labarin kanti ya ɗauke kamar an rufe famfo. Taubashina ya daina tare ni ranar Juma'a. In mun haɗu sai ya ce, "Ina wuni Malam, ya iyali," ya ba ni hannu ya wuce. Wanda bai san taubasantaka ba zai ce ladabi ne. Ni na san taubashin da ya daina tsokanarka ya fara gaishe ka da ladabi, ya gama zaginka.

Ba zan ɓoye ba, da farko daɗi na ji. Na ce yanzu mun zama ɗaya, ni ba dariya, shi ba dariya. Damina ta shigo ta wuce a haka, aka yanke gero, dawa ta fara nuna. Ina lura Baba yana ramewa, amma na ɗora wa tsufa.

Da 'yata ta haihu sai na buƙaci ragon suna, na ce bari in je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Yanzu hanyar nan ba a wasa da ita, da sassafe ake fita a dawo rana na sama, kuma mutum ya fi son direban da ya sani. Ba yadda zan yi, motarsa na shiga. Ya ba ni gidan gaba, har muka isa bai ce da ni komai ba sai da fasinjojin baya yake magana. Da kowa ya sauka na kama ƙofa zan fita, sai ya ce, "Zamna, Malam. Rago ba shi gudu."

Ya kashe mota, ya dafa sitiyari da hannu biyu.

"Kai tsammani kakai ni ad da damuwa da bokiti? Ni direba na. In bokiti na ɗaukar ruwa, ina ruwana da kakanai?"

Ya juyo gare ni ya ci gaba.

"Kawu na. Dut tambayoyin ga nashi na. Shi ka tara su cikin mako, in niz zo ya ce, in ka ga mutumin Sakajiki ka tambaye shi kaza, amma kak ka ce ni nic ce. Ni kau in tsaya gabanka kamar ɗan aji ɗaya, kana ja man rai, ina hardacewa don kada in ɓata mai ko kalma guda."

Na ce, "Ai na ji ka da kunnena ranar tasha. Ko sunana ba ka kama ba."

"Tsakiya kat taras. Kullum kahin in buɗe baki shi ka ce ma tsohin nan, ku saurara, wagga daga Sakajiki tah hito. Kuma ni in kama sunanka gabanai? Ka san gidanku."

Na tambaye shi maganar giya, ko da yake ba na son jin amsar.

Ya ce mako biyu yana kaucewa, yana cewa ban gama dubawa ba, har Baba ya gane ya matsa masa, shi kuwa bai taɓa yi wa kawunsa ƙarya ba. "Da nig gaya mai, sai yac ce, shi yac ce haka da bakinai? Nic ce i. Yac ce, to in shi yac ce, hakanan na, wancan ba shi ƙarya ga karatu. Wanshekare yas sa nik kai shi wurin liman. Wai ashe shekarun ga dut gidan giya yay yi ma bauta bai sani ba, da shi yac ci da iyali, da shi yaj je Makka, ina matsayin hajjinai. Liman yay yi dariya yac ce ba komi, gyaɗa ka auna ba giya ba. Da munka hito sai Kawu yac ce man, liman malami na, amma bai san Turanci ba."

Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. Shekara da shekaru ina neman tsohon nan ya ɗauki karatuna da muhimmanci, ashe ya ɗauka har ya fifita maganata a kan ta liman, ni kuma na ɗauki wannan yardar na soke shi da ita. Na ce wa taubashina kalmar tana da wasu ma'anoni, ni na ɓoye.

Ya ce, "Na sani. Tun ranar nig gani ga idonka. Tahi ka sayi ragonka."

Gyaran ba mai sauƙi ba ne, don ba zan iya shiga zaure in zauna gaban Baba in ce ga abin da na yi ba. Da na yi haka da tashi zai yi ya shige cikin gida, kunya ta hana shi jin ko kalma ɗaya. A gidanmu in ɗan fari yana da magana da ubansa, wani yake gaya wa a inda uban zai ji. Wato dole sai da taubashina. Mutumin da nake son in raba da ubana, shi kaɗai ne hanyar da zan bi in isa wurinsa, kuma sai da na roƙe shi. Ban taɓa jin abin da ya yi mini nauyi a baki kamar wannan roƙon ba.

Asabar bayan suna na ɗauro ƙamus a bayan babur. Na gaishe da Baba, ya amsa wa bango. Maimakon in wuce cikin gida kamar kullum, sai na zauna a bakin ƙofar zaure, rabin jikina a waje. Taubashina na kan buzu, tsofaffin biyu na nan. Na buɗe littafin a cinyata na ɗaga murya.

"Direba, rannan ka tambaye ni wata kalma ban ƙarasa maka ba. Laifina ne, rabi na ba ka."

"Wace kalma ke nan, Malam? Ka san kan direba."

"Kanti."

Carbin Baba ya tsaya.

Na bi tafiyar kalmar tun daga farko, ban tsallake giyar ba, don in na tsallake zai ce lallashi ne. Na ce can ƙasar Italiya ne, da daɗewa, kuma ko a can asalin maganar ɗaki ne mai sanyi na ajiya. Na ce tun kafin ta iso Ingila ta bar wannan gidan, ta zama shagon soja, ta zama ɗakin cin abinci, ta zama gorar ruwa. Na ce Turawan da suka kawo ta Kaura shago kawai suke nufi, da yawansu ma ba su san kakanta ba, kamar yadda mu ba mu san kakan rabin kalmomin da ke bakinmu ba.

Baba ya juya wajen taubashina. "Tambaye shi, gorar ruwa yac ce?"

"Malam, wai gorar ruwa kac ce?"

"Gorar ruwa. Wadda matafiyi ke rataye wa saboda ƙishirwa."

"Cikin littahin take, ko daga kainai?"

Na miƙa ƙamus, taubashina ya karɓa ya ɗora wa Baba a cinya. Ba ya gani, ko da yana gani ba zai karanta ba, amma ya shafa shafin da tafin hannu. Awaki na kuka a cikin gida, sai ya juya wajen taubashina.

"Ce mai malami ba shi ba da rabin karatu."

"Malam, ka ji."

"Na ji."

"Kuma ce mai littahin nan nashi bai cika ba. Ba su sa kantin Kaura ba."

Daga nan ya ɗauko. Ya ce kanti wuri ne da manomin Banga zai taso tun asuba da jakinsa, ya ga an ɗora wahalarsa ta shekara a kan sikeli, allura ta faɗi gaskiya a gaban kowa. Ya ce nan ake samun gishiri da kananzir da yadin akoko, nan mutanen ƙauye suka fara ganin fitilar ƙwai. Ya ba da labarin wani jaki da ya ƙi sauka daga kan sikeli har sai da aka auna shi, Bature ya fito da gajeren wando yana tambayar ko shi ma na sayarwa ne. Na san labarin, na ji shi ta bayan bango ba sau ɗaya ba. Amma ranar ce na fara ganin dariyar. Ashe in ta kama shi runtse ido yake yi ya dafa gwiwa, kuma ashe ba shi da haƙori biyu a gefen hagu. Ina da 'ya'ya da jika kafin in san wannan. Duk tsawon labarin fuskarsa na wajen taubashina, shi yake dafa wa kafaɗa. Ina murna, kuma ina jin kishin nan yana nan inda yake, bai matsa ko'ina ba.

Da ya gama ya ce, "Ce mai ya rubuta." Na zaro fensir na rubuta a gefen shafin: wurin da ake auna gyaɗa a Kaura ba a danne sikeli. Rubutun na nan har yau.

Tambayoyin Juma'a sun dawo, na kuma daina jan rai. Mun yi tebur, mun yi kafinta, mun yi asibiti. Ba mu yi nisa ba, don da bazara ta zo Baba ya kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku da la'asar, mutane sun ragu, muna zaune ni da taubashina a kan tabarma a ƙofar gida. Akwai tambayar da ta daɗe tana cina, na ga in ban yi ta ranar ba ba zan sake samun ƙarfin hali ba. Na ce, "Kai da ka zauna da shi, ya taɓa faɗin sunana kuwa? Ko sau ɗaya."

Ya dube ni kamar zai yi tsokana, sai ya fasa.

"Tun da idonai yat tahi ni ka jan shi masallaci, kusa da shi ni ka sallah. In an sallame shina addu'a a hankali, shina jera mutanenai ɗaya ɗaya. Da sunanka shi ka farawa. Cikakke, yadda anka raɗa ma."

"Kullum?"

"Kullum. Ni sai can wajen na biyar, bayan awaki."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Na ce ya faɗa mini yadda yake furta shi. Ya gwada, ya sake gwadawa, amma muryar direba ce ta fito, ba ta Baba ba. Ya ce in yi haƙuri, ba ya iyawa.

Muna zumunci sosai yanzu, shi ke kai ni Zurmi in zan je ganin dangin kakata, yana tsokanata tun daga tasha har mu isa. Na yafe masa kwanon tuwo, na yafe masa buzu, ko da yake ba laifinsa ba ne tun farko. Abu ɗaya ne na kasa. Wani lokaci yana tuƙi ina kallon kunnensa na dama, wanda ke wajen Baba a sahu, sai in ji abin ya taso mini sabo. Sunan nawa ne, amma shi ya ji.